Sabunta Fentin Mota A Gida

Motar da ke fita rangadi cikin ƙasar hakimi ba ta daɗewa da ƙyallinta. Rana ta gasa ta da bazara, ƙaya ta karce ta a hanyar ƙauye, tsakuwa ta ƙwarzane ta, sa'an nan damina ta zo ta bi duk inda ƙarfe ya fito fili ta sa masa tsatsa. Mutane da yawa sun ɗauka fenti ado ne kawai. Ba haka ba ne. Babban aikinsa shi ne tsare ƙarfe daga ruwa da iska, domin in tsatsa ta huda ƙasan ƙofa ko bakin taya, gyaran ya wuce mai fenti, sai mai walda.

Hakimin da ke nesa da birni, ko malaminsa, yana iya sa direba da yaro guda su yi wannan aiki a gida. Amma ya kamata a san iyakarsa tun da fari. A masana'anta ana gasa fenti cikin tanda mai zafi ƙwarai tun ba a ɗaura gilashi da roba ba, abin da ba shi yiwuwa a gida. Aikin gida, in an yi shi da haƙuri, yana ba da jiki mai tsabta wanda zai tsare mota shekaru, ba wai ya mai da ita sabuwa ba.

Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya, akwai maganar doka. Launin mota yana rubuce cikin takardunta na rajista. Wanda zai mai da launin da ke jikinta ba shi da wata matsala, amma wanda zai sake launi dole ya fara zuwa ofishin lasin mota a gyara takardu, in ba haka ba ranar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra suka tsai da shi zai sha tambaya, gama sake launi shi ne dabarar farko ta ɓarayin mota. Tun 1977 kuma doka ta hana farar hula shafa wa mota koren nan irin na soja. Motar ƙaramar hukuma ko ta majalisar sarki ba a taɓa ta sai da izni a rubuce. Malamin da aka kawo wa cinikin mota mai ɗanyen fenti don ya rubuta shaida, ya kyautu ya gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke cikin takarda tukuna.

Lokaci ma abin zaɓe ne. Da damina laima tana sa fenti ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Da hunturu ƙura tana sauka kansa tun yana ɗanye. Da bazara kuwa yana bushewa a iska kafin ya kwanta, sai jikin ya fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Mafi dacewa shi ne kaka, watau daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin saukar hazo. A yi da hantsi, cikin rumfa mai inuwa wadda iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada a yi da dare, gama fitila tana jawo ƙwari su liƙe a jiki.

Shiri shi ne kashi tara cikin goma na aikin, nan kuma ne yawancin mutane ke gajiya. A wanke motar sarai da sabulu, a goge ta da maganin cire maiƙo, domin inda duk ɗigon mai ko man goge mota ya saura, fenti zai guje wa wurin ya bar 'yan ramuka. A kwance lamba da fitilu da bamba da duk abin da ke kwantuwa. Sa'an nan a shiga gurza da samfefa. Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon kaushinta. Mai lamba 80 ita ce ta tsatsa, a ci wurin da ita har ƙarfe ya fito fari tas, a kuma ɗan wuce iyakar tsatsar, don takan yi rarrafe ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Shafa fenti bisa tsatsa rufe ƙofa ne da ɓarawo: damina ɗaya za ta kumburo shi.

Inda jiki ya lotsa a fara buga shi daga ciki ya taso, kana a cike saura da fila. Ana kwaɓa ta da ɗan maganin daskarewa, wajen kashi 2 cikin 100, kuma cikin minti biyar take fara tauri, sabo da haka a riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan. Kada a labta ta da kauri don gudun bugu, gargadar hanya za ta tsaga ta. In ta bushe a daidaita da lamba 180, a naɗe samfefar jikin ɗan katako mai lebur, domin yatsu suna barin kwari. Tafin hannu ya fi ido gane tudu. Sauran jiki inda tsohon fenti ke da ƙarfi ba sai an kankare shi ba, a dai dusashe ƙyallinsa da lamba 320 ko 400 yadda sabo zai sami abin kamawa.

Ƙurar wannan gurza ba abin wasa ba ce. Fentin tsofaffin motoci, musamman ja da rawaya, yakan ƙunshi dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ke yi a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu sabo da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Don haka kada a yi gurza a tsakar gida, ko kusa da rijiya da madafa. A riƙa jiƙa samfefa da ruwa, a kori yara, mai aikin kuma ya sake tufafi ya yi wanka kafin ya ci abinci.

Bayan an rufe gilasai da tayoyi da takarda da tef, sai shafi na fari, wanda ke kama ƙarfe ya hana tsatsa. Ƙarfen da aka gurza kada ya kwana tsirara, raɓa kaɗai ta isa ta ɓata shi. In shafin ya bushe a lallashe shi da lamba 600 da ruwa, a bari ya tsane sarai.

Fentin sama iri iri ne. Akwai mai saurin bushewa wanda ake sirkawa da tina, irin wanda aka fara sa wa motoci a Amurka wajen 1924 da sunan Duco, ya rage aikin makonni ya koma na 'yan kwanaki. Shi ya fi sauƙi ga mai koyo, gama in an yi kure ana gurzawa a sake. Akwai na mai, wanda ke jinkirin bushewa, ana iya shafa shi ko da burushi mai laushi in babu injin feshi. Akwai kuma wanda ake gauraya da maganin tauri, shi ne masu gareji suka fi so yanzu don ƙyalli da ƙarko. Wannan na uku bai kamata a fesa shi a gida ba. Tururinsa yana jawo ciwon asma wanda ba ya rabuwa da mutum, kuma ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare shi, sai takunkumi mai kawo iska daga waje. Kada garin neman gira a rasa ido. Ko waɗancan biyun ma suna bukatar takunkumi mai matatar gawayi. Tina kuwa ta yi daidai da fetur wajen kama wuta: ba taba, ba murhu, janareta ma a kai shi nesa. Lambar launin mota tana kan wani ɗan allo cikin bonet ko jikin madogarar ƙofa, a kwafe ta a kai wa mai haɗa fenti, a kuma sayi abin da zai isa gaba ɗaya, don haɗi na biyu ba safai yake dacewa da na fari ba.

Wajen feshi, a gwada a jikin kwali tukuna. A riƙe bindigar nesa da jiki kamar taƙi guda, watau inci 6 zuwa 8, a tafi da hannu a miƙe ba tare da lanƙwasa wuyan hannu ba, ko wane layi ya hau rabin na bayansa. A fara daga rufi a gangaro. Shafi uku marasa kauri, da hutun minti 10 zuwa 15 tsakaninsu, sun fi guda ɗaya mai kauri wanda zai zubo kamar hawaye. In ya zubo kada a taɓa shi da tsumma, a bari ya bushe, a gurje da lamba 1500, a goge.

A cire tef tun fenti bai gama tauri ba, don kada ya ɓamɓaro gefe. Motar ta kwana biyu cikin rumfa kafin a mai da fitilu da lamba. Cikin wata na fari a wanke ta da ruwa zalla, kada a shafa mata man goge mota, kada kuma a ajiye ta gindin itacen da tsuntsaye ke kwana.