Jaririn da Ya Mai da Dare Rana: Gaskiya da Ƙarya Cikin Abin da Ake Gaya wa Mai Jego

Kwana goma sha biyu da haihuwar ƙanwata na je duba ta, wajen azahar. Na tarar da ɗakin duhu ƙirin, an saki labule, an rufe taga, turaren wuta na tashi a kasko, jaririn kuwa yana ta sharar barci. Uwar idonta ya yi jajir. Ta ce, "Yaya, kullum haka yake. Da rana ko ganga aka kaɗa ba ya motsi, amma da an idar da isha'i sai ya buɗe ido, ba shi ba barci sai asuba." Kafin in tashi mata uku sun shigo barka, kowacce ta bar mata shawara, kuma babu wadda ta yi daidai da ta 'yar'uwarta. Dukansu don ƙauna suka faɗa, sai dai cikin abin da ake gaya wa mai jego akwai tsaba akwai tsakuwa, kuma wata tsakuwar tana iya cin rai.

"Ba lafiya ba, akwai abin da yake gani da dare." Wannan ba gaskiya ba ne. Kowane mutum yana da agogo a ƙwaƙwalwarsa da ke raba masa dare da rana, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira melatonin, mai kawo barci. Jariri yana zuwa duniya wannan agogo nasa bai nuna ba. Wata tara ya yi a inda babu hantsi babu almuru, zirga-zirgar uwa da rana tana lallaɓa shi ya yi barci, idan ta kwanta kuma ya shiga motsi. Duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san wannan shurin na tsakar dare. Agogon yakan fara daidaita ne tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Kafin nan jariri na barcin kusan awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma a gutsuttsure, awa biyu ko uku a lokaci guda. Kukan maraice ma da aka sani yakan yi tsanani wajen mako na shida, ya lafa a wata na uku ko na huɗu. Addu'ar neman tsari ga yaro abu ne mai kyau a kowane hali, a yi masa, amma kada a ɗaura wa lafiyayyen jariri ciwon da ba shi da shi.

"Nonon ne bai ishe shi ba, a ba shi koko ko ruwa ya ƙoshi." Ƙarya ce, kuma mai cutarwa. Cikin jariri ƙanƙane ne, nono kuma ba ya daɗewa bai narke ba, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Yawan tashinsa alama ce ta cewa jikinsa na aiki yadda aka halicce shi, tsotson dare kuwa yana ƙara wa uwa nono. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko, ko da a zafin bazara ne, domin mafi yawan nono ruwa ne. Abin da aka ɗura masa yana cike gurbin nono, ya kuma buɗe ƙofar gudawa. Mai son sanin ko nono na isa ya duba kunzugu: idan jaririn da ya wuce kwana biyar yana jiƙa shi sau shida ko fiye a yini, nauyinsa kuma na ƙaruwa a awo, to yana ƙoshi.

"A hana shi barcin rana, da dare zai faɗi da kansa." A nan an haɗa ƙarya da ɗan gaskiya. Jariri ba ya jure zama ido biyu fiye da kamar awa ɗaya. Idan aka matsa masa ya wuce haka, gajiya takan hana shi barcin, sai kuka da banƙarewa. Gaskiyar da ke ciki ita ce kada a bar barcin rana ya zarce. Idan ya haura awa biyu zuwa uku, a tashe shi a hankali, a sassauta masa kaya, a shafa tafin ƙafarsa, a ba shi mama. Abin da ya sha da rana yana rage masa yunwar dare.

"A ɗan ba shi magani ya yi barci." Wannan ita ce mafi haɗari duka. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci ba na jarirai ba ne. Phenergan, alal misali, an hana bai wa yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Mu tuna da ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda daga ƙarshen 2008 ya kashe yara 84 a Najeriya, har da na Legas da Zariya, saboda gubar da ta lalata musu ƙoda. Zaƙin kwalba ba shaidar aminci ba ne. Haka jiƙe-jiƙe da dauri, babu wanda ya san ƙarfinsu a jikin ɗan kwana goma. Zuma ma, duk da albarkarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri.

"Kwantar da shi rub da ciki, ya fi yin barci mai nauyi." Barcin yakan yi nauyi, amma wannan nauyin shi ne abin tsoro. Kwanciyar rub da ciki tana da alaƙa da mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci. A Amurka, bayan an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri kusa da uwarsa, cikin gidan sauro, ba matashi, ba bargo mai nauyi, ba a tsakanin yayyensa ba. A kuma raba shi da hayaƙi, na turare ne ko na maganin sauro.

"Yawan ɗauka zai sangarta shi." Ɗan wata ɗaya bai san wayo ba. Ɗumin jikin uwa da bugun zuciyarta su ya baro, su yake nema. A rungume shi, a yi masa rarrashi a hankali. Abin da ba a yi ko kusa shi ne girgiza shi da ƙarfi cikin fushi, don hakan na iya fasa jijiyar jini a ƙwaƙwalwarsa. Uwar da ta ji haƙurinta ya ƙare ta ajiye shi rigingine a shimfiɗarsa, ta kira wani ya karɓe ta.

"Haske da duhu ne maganinsa." Wannan ita ce gaskiyar, kuma ba ta cin ko kwabo. Ɗakin jegonmu sau da yawa a juye yake: duhu da rana, da dare kuma ƙwan sola na haskawa, 'yan barka na hira, waya na ƙara. Da hantsi a ɗage labule, a buɗe taga, a fito da shi inuwar tsakar gida, ba cikin rana ba. Kada a hana daka ko rediyo don yana barci. Bayan magariba kuma a rage fitila, a sassauta murya, a goge masa jiki da ruwan ɗumi a lokaci guda kullum. Idan ya farka da dare a ba shi mama cikin ɗan haske kaɗan, ba wasa, ba haska masa tocilan waya a ido. Nonon dare ma yana ɗauke da melatonin na uwa, wanda babu shi sosai a na rana.

Akwai inda ba a jira. Idan jikinsa ya kai digiri 38 ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama mama, ko ya yi laƙwas ba ya tasuwa, ko idonsa ya yi rawaya irin na shawara, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko yana jijjiga, a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Ranar da na je wurin ƙanwata, ni na ɗage labulen da hannuna. Goggonmu ta karɓi aikin gida don uwar ta riƙa runtsawa duk lokacin da ɗan ya kwanta, maigidan kuma ya roƙi baƙi su riƙa zuwa da hantsi. Ba a ga canji a dare ɗaya ba. Sai bayan an yi arba'in da mako biyu ta kira ni da sassafe, muryarta wasai, ta ce, "Yaya, jiya awa huɗu ya yi bai motsa ba." Ba a ɗura masa komai ba. Haske aka ba shi da rana, duhu da dare, da nonon uwarsa, sauran kuma lokaci ya ƙarasa.