Hirar Silima A Teburin Mai Shayi: Yaya Ake Nuna Ɗan Arewa?

Duk wanda ya san Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko kasuwar Mil 12 a nan Ikko, ko kuwa unguwar Sabo ta Badun, ya san ba a tashi hira da wuri a teburin mai shayi. In an gama maganar tsadar kuɗin mota da farashin buhun albasa, an taɓa ta siyasa har an gaji, to, abin da kan biyo baya shi ne hirar silima. Wannan ya ce jiya ya kalli fim kaza, wancan ya ce shi bai ga abin kallo a cikinsa ba, kafin ka ce kwabo gardama ta kaure, shayi ya huce a kofi.

Wannan al'ada ba yau ta fara ba. Dattawanmu da suka sauko Kurmi tun jirgin ƙasa na tashe suna tuna gidajen silima irin su Pen a Agege, da Roxy a Apapa, da Casino a Yaba, inda akan je kallon Indiya da Canis da kaboyi. A wancan zamani wanda ya sami kuɗin shiga shi ne ke da bakin magana, domin kashegari zai zauna ya ba marasa kuɗi labari daga farko har mutuwar bos, wani lokaci ma ya ƙara da abin da babu shi a fim ɗin. Gidajen nan sun shuɗe. Pen Cinema sai suna ya rage, a kan gadar saman da aka buɗe a Agege cikin 2021. Yanzu silimar kowa tana aljihunsa, ka kai wayarka wurin masu tura fim su zuba maka, ko ka sayi data ka shiga YouTube. Amma hirar tana nan yadda aka san ta.

Abin da na lura da shi kuwa shi ne, in fim ɗin na Indiya ne, gardamar ba ta wuce wa ya fi wani iya faɗa, wace ta fi wata iya rawa, a yi dariya a watse. Amma da zarar fim ɗin na ƙasar nan ne, kuma an sa ɗan Arewa a ciki, sai ka ga fuska ta canza, murya ta ɗaga. Tambaya ɗaya ce ake yi ko da ba a furta ta ba, watau yaya aka nuna mu?

Ba kuwa a banza ba. Shekara da shekaru, in ka ga ɗan Arewa a fim ɗin Kudu, to, maigadi ne a bakin ƙofa, da carbi da 'yar rediyo, galibi sunansa Musa, bai san bambancin "p" da "f" ba, maigida na daka masa tsawa yana washe baki. Gadi sana'a ce, ba abin kunya ba ne, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da ita suka gina gida suka aurar da 'ya'ya. Abin da ke da ciwo shi ne a ce duk Arewa, da malamanta da attajiranta da likitocinta, mutum ɗaya ne rak, shi ma wawa. Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato yana iya kashe telebijin ya manta. Mu da ke nan ba mu da wannan dama, gama mai gidan hayarmu ya kalli fim ɗin, ɗan sandan bakin hanya ya kalla, yaran da ke aji ɗaya da 'ya'yanmu su ma sun kalla. Da safe kuwa da su za mu yi hulɗa.

Saboda haka a 'yan makonnin nan na keɓe lokaci na kalli fina-finai huɗu waɗanda sunayensu suka fi fitowa a irin wannan gardama, domin gani ya kori ji. Ga abin da na gani.

Motocin Inugu da na Kano

Na farko shi ne Lionheart, wanda Genevieve Nnaji ta shirya a 2018, ita ce kuma tauraruwarsa. Labarin wani kamfanin motocin sufuri ne a Inugu, mai shi ya kwanta ciwo, bashi ya yi wa kamfanin katutu, 'yarsa Adaeze da ƙanensa suna fafutukar ceto shi kafin wani ɗan garinsu mai haɗama ya haɗiye shi. Daga ina ceto ya zo? Daga Kano, wurin wani attajiri mai motoci, Alhaji Maikano, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, Yakubu Mohammed kuma ya fito ɗansa.

Fim ɗin bai rasa rauni ba. Labarin ya tafi sumul ƙwarai, matsaloli suna warwarewa cikin sauƙin da ɗan kasuwa na gaskiya zai yi murmushi. Amma wurin da dattawan biyu suka zauna, Pete Edochie ya juya harshe ya yi wa Alhaji Hausa, wannan wuri ya biya ni kuɗin datata. Edochie a Zariya ya yi karatu, saboda haka Hausarsa ba ta haddar daren jiya ba ce. A nan an nuna Bahaushe mai dukiya da natsuwa, wanda ake zuwa wurinsa da girmamawa, kuma an nuna abin da kowane direban tirela da kowane dillalin shanu ya riga ya sani, watau Ibo da Hausawa sun daɗe suna ciniki da juna kafin 'yan siyasa su koya musu tsoron juna.

Sarauniya da bakin Turawa

Na biyu shi ne Amina, na darakta Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix cikin Nuwamba 2021, Lucy Ameh ta fito a Sarauniya Amina ta Zazzau, ga kuma Ali Nuhu a ciki. An kashe kuɗi, babu shakka. Dawaki, da sulke, da ganuwa, da yaƙi, duk ido ya ƙoshi, har ya ci lambar fim mafi kyau a bikin AMVCA na 2022. Amma kunne fa? 'Yar Bakwa Turunku, wadda ta yi zamani a ƙarni na 16, ga ta tana ba mayaƙanta umarni da Turanci! Fadawa na Turanci, boka na Turanci. Fadar Hausa kuwa rabinta a baki take, da kirari, da gaisuwa, da yadda bafade ke karɓe magana daga bakin sarki ya isar. In ka cire wannan, rawani da alkyabba kawai suka rage. Masu kare fim ɗin sukan ce ai don duniya ta gane aka yi haka. Ni dai ban gamsu ba, domin mu nan mun shekara hamsin muna kallon Indiya ba mu jin ko kalma ɗaya, ba mu kuwa taɓa cewa Amitabh ya koma Turanci ba.

Matan da ke bayan naira goma

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne kuma aka fi yi wa hukunci ba a gani ba. Sunansa The Milkmaid, watau mai tallar nono, na shekarar 2020. Wanda ya shirya shi, Desmond Ovbiagele, mutumin Kudu ne, tsohon ma'aikacin banki. Hoton matan Fulani biyu masu ɗauke da ƙwarya, wanda ke bayan takardar naira goma, shi ne mafarin labarin. An ɗauki fim ɗin a Jihar Taraba, kuma kusan dukansa da Hausa aka yi.

Labarin 'yan'uwa biyu ne mata, A'isha da Zainab, waɗanda 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu suka raba su. A'isha ta shiga neman 'yar'uwarta, da ta same ta kuwa sai ta tarar ba wadda ta sani ba ce, ta riga ta zama tasu. Maryam Booth ce ta fito a Zainab, kuma wanda ya saba ganinta a fina-finan soyayya na Kano zai yi mamakin abin da ta iya. Ta sami lambar yabo a kan wannan wasa a bikin AMAA na 2020, inda fim ɗin kansa ya zo na ɗaya.

A teburin mai shayi ra'ayi ya rabu biyu a kansa. Wasu suna ganin an sake ɗauko mu ne an nuna wa duniya da bindiga da rawani, alhali da ma abin da ake kiranmu da shi ke nan a tashar mota. Ina jin zafin wannan magana, don ni ma an taɓa sauke ni daga mota a hanyar Badun aka zazzage jakata ni kaɗai, ba don komai ba sai don hular da ke kaina. Amma da na kalli fim ɗin har ƙarshe sai na ga ba haka abin yake ba. Waɗanda aka kashe a ciki Musulmi ne, waɗanda aka sace 'ya'yanmu ne, wadda ta tsaya ta ƙi miƙa wuya ita ma da sallarta. Wannan shi ne abin da muka daɗe muna ƙoƙarin fahimtar da maƙwabtanmu a nan, cewa mu ne muka fi kowa kwasar wahalar wannan bala'i. Mutanen Barno da Adamawa da suka cika Ikko da aikin acaba da dako bayan 2014 ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa sai da ta sa aka yanke wani sashe na fim ɗin kafin ta yarda a nuna shi a gida, kuma mai raunin zuciya ya yi hattara, ba fim ne na kallo da yara ba.

Na huɗu, Mai Martaba, na 2024, ba zan daɗe a kansa ba. Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, shi ya shirya shi, aka ɗauka a Daura, labarin rikicin gadon sarauta a wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Jallaba, da Adam A. Zango a cikin 'yan wasa. Abin da Amina ta rasa shi ne wannan ya samu, fada tana magana da harshenta. Ga wani lissafi kuma da ya kamata a riƙa tunawa in gardama ta tashi. Daga 2019 zuwa 2024 fim huɗu Nijeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka. Lionheart aka fara aikawa, aka fitar da shi saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Cikin ukun da suka biyo baya, biyu na Hausa ne, The Milkmaid da Mai Martaba. Ko ɗaya bai kai ga zagayen ƙarshe ba, amma dai harshen maigadi ne ya wakilci ƙasa sau biyu.

Laifi tudu ne

To, jama'a, kada mu taka namu mu hango na wani. Yaya muke nuna mutumin Kudu a namu fina-finan na Kano? In an sa Bayarabe, mai surutu ne da gurɓatacciyar Hausa. In an sa Ibo, mai sayar da jabun kaya ne. Bagware kuwa ba a magana, shi da ma don dariya aka ajiye shi. Muna kallo muna ƙyaƙyatawa, ba mu taɓa tambayar yadda ɗan Sabon Gari da aka haifa a Kano, wanda Hausarsa ta fi ta 'ya'yanmu na Agege, yake ji ba. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya yi ƙoƙari a nan, domin ya nuna gari mai ƙabilu da addinai suna zaune tare kamar mutane, amma irinsa ba su da yawa.

Sa'an nan akwai halinmu na yanke hukunci da guntun minti biyu da aka turo a WhatsApp. Sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya a teburin, in ka matsa masa, sai ka ga bai kalli fim ɗin ba, wani ne ya gaya masa, shi ma wanin an gaya masa ne. Mai ba da labarin Indiya na zamanin Pen Cinema ko ba komai ya biya kuɗinsa ya shiga.

Akwai fim ɗaya da nake so a ce an kawo mana nan mun kalla tare, sa'an nan a yi gardamar. Shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Shi ne Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC da aka yi a nan Ikko cikin 1977. Labarin yaro ne da aka raba da gida, aka haye Sahara da shi, ya girma a hannun baƙi ya zama malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ƙasar Larabawa. Ban san ɗan ci-ranin da zai kalli wannan idonsa bai kawo ruwa ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama har an fid da rai, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban wannan hukuma. Farin ƙyalle da injin majigi da fili a Agege ko Sabo ba su fi ƙarfin hukuma ba, in kuwa kujeru ne matsala, sarakunan Hausawa na unguwanninmu suna da na taro.