Tangaraho da Tarho a Tsoffin Labaran Binciken Kisa

Labaran binciken kisa na Ingila sun girma ne tare da wayar tangaraho, wadda 'yan sanda suka ga amfaninta tun kafin marubuta. A 1845 saƙo daga garin Slough ya riga jirgin ƙasa isa Landan, aka bi sawun John Tawell har aka kama shi da laifin kisa. A 1910 kuma saƙon iska daga jirgin ruwa ya tona asirin Dakta Crippen yana hanyar Kanada.

Shi ya sa Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle ba ya rabo da gidan waya. A littafinsa na farko, na 1887, saƙon da ya buga wa 'yan sandan Cleveland a Amurka ne ya ba shi sunan wanda yake nema. Tangaraho ya dace da irin wannan labari: saƙonsa gajere ne, yana ɗauke da lokacin aikawa, ga shi a rubuce, ana iya ajiye shi shaida. Amma Doyle ya san rauninsa. A labarin karen Baskerville an aika saƙo don a tabbatar ko baran gidan, Barrymore, yana gida, sai yaron aike ya miƙa wa matarsa, gwajin ya tashi a banza.

Da tarho ya shiga gidaje, sai lamarin ya juya. Murya ba ta barin sawu, kuma mai sauraro ba ya ganin mai magana, don haka na'ura ta koma hannun mai laifi. A labarin kisan Roger Ackroyd na Agatha Christie, 1926, na'urar ɗaukar murya ta sa mutanen gida suka ɗauka mamacin yana raye, alhali an riga an kashe shi. Wannan dabara ta fi ta Doyle kaifi, domin har mai karatu take yaudara.

Saurin sadarwa ya kuma zame wa marubuta matsala, tunda kira ɗaya zai iya warware abin da aka tanadar wa babi ashirin. Maganinsu shi ne yanke hanyar gaba ɗaya. A 1934 Christie ta tsayar da jirgin ƙasa na Orient Express cikin dusar ƙanƙara, a 1939 ta tara mutum goma a tsibirin da babu tarho. Daga nan rufaffen wuri mai 'yan tsirarun waɗanda ake zargi ya zama gado, har marubutan zamanin wayar salula sukan nemi dalilin ɗauke sabis kafin a ga gawar farko.