An Jawo Faiba Amma Waya Na Tafiyar Hawainiya: Ina Gizo Yake Saƙar?

Akwai wani kuka da ya yawaita a 'yan shekarun nan tsakanin 'yan uwanmu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har Sabon Badun da Fatakwal. Mutum ya tara kuɗi, ya sa kamfani ya jawo masa intanet ta wayar faiba zuwa gida ko shago, watau wayar nan mai zaren gilashi a ciki wadda haske ke bi ya kai saƙo. An ce masa zai sami gudun megabit 50 ko 100. Amma da dare ya yi, ya zo kiran iyali a Katsina ko Sakkwato ta bidiyo, sai hoton tsohuwarsa ya daskare, muryar tana tsinkewa. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp ya yi minti biyar yana jiran hoto guda ya tafi, mai saye kuwa ya gaji ya koma wajen wani. Ƙarshenta sai maigida ya koma sayen data a waya, ga kuɗin faiba na jiransa ƙarshen wata. Biyu ke nan, an yi ba a yi ba.

To, jama'a, kafin a ɗora wa kamfani laifi, ya kamata a san cewa abu biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Faiba ita ce ke kawo intanet har cikin ɗaki, ta tsaya a jikin wani ɗan akwati. Daga nan kuma sai rauta, watau na'urar nan mai ƙahoni, ta watsa shi cikin iska zuwa wayoyi da kwamfuta, wannan shi ne wayifai. Wasu kamfanoni sukan haɗa su biyun a akwati guda. Misalinsa kamar ruwan famfo ne da aka jawo da babban bututu har ƙofar gida, sa'an nan ake ɗiba da bokiti a shiga da shi ɗakuna. In bokitin ƙarami ne, ko ya huje, girman bututu ba zai amfane ka ba. Sau da yawa ciwon a bokitin yake.

A FARA DA AWO

Likita ba ya ba da magani sai ya auna. Ka sami kwamfutar hannu, ko ta aro ce, ka haɗa ta da rauta da kebul, ka kashe wayifai ɗinta, ka roƙi mutanen gida su ajiye wayoyinsu na ɗan lokaci. Sa'an nan ka buɗe Speedtest ko Fast.com ka auna. Ka rubuta abin da ka samu. Bayan haka ka auna da wayarka kana tsaye dab da rauta, ka kuma shiga ɗakin da ka fi zama ka sake aunawa. A yi haka da safe, a kuma yi da dare wajen ƙarfe tara, lokacin da kowa ya dawo gida.

Waɗannan lambobi uku su za su nuna maka ɓarawon. In awon kebul ya kai kusa da abin da ka biya, amma na waya ya faɗi, to faiba ba ta da laifi, matsalar tana cikin gidanka. In kusa da rauta lafiya lau, ɗaki kuwa babu, to nisa ne da bango. In kuwa kebul ɗin ma ya gaza, nan ne za ka nemi kamfani.

Akwai kuma wani ruɗani na lissafi da ke sa mutane fushi a banza. Kamfani yana sayar da gudu da megabit ne, amma waya in tana sauke fim sau da yawa da megabait take nunawa. Megabit 8 ne ke yin megabait 1. Saboda haka mai layin megabit 100, in ya ga wayarsa na sauke megabait 11 ko 12 a daƙiƙa, ba a cuce shi ba, haƙƙinsa ke nan cif.

INDA AKA AJIYE RAUTA

Wayifai rediyo ne, ba wani abu ba, sai dai mai raunin murya. Gidajen Ikko kuwa na bulo ne da kankare, da rodi a cikin dakali, ga ƙofofin ƙarfe da tagogi masu sanduna saboda ɓarayi. Kowane bango yana cin rabonsa, dakalin bene kuwa ya fi kowa ci. Ƙarfe da madubi suna mayar da sigina baya, ruwa yana shanye shi, don haka firji da durom ɗin ruwa da tankin da ke baranda duk abokan gaba ne.

Masu jawo faiba sukan kafa akwatin inda ya fi musu sauƙi, watau kusa da tagar da waya ta shigo, ko bayan talabijin. Matar gida kuma ta ga abin ya ɓata mata falo, ta tura shi cikin kabad ta rufe, ko ta lulluɓe shi da kyalle saboda ƙura. Wannan kamar a sa mai shela cikin rijiya ne a ce ya sanar da gari. A fito da rauta fili, a tsakiyar gida gwargwadon hali, a ɗora ta bisa kanta ko a rataye a bango sama da tsayin mutum, ƙahoninta a tsaye. A bar mata iska, gama zafin Kurmi yana sa ta rage gudu ko ta riƙa ɗaukewa.

Amma fa a kula. In akwatin faiba da rauta guda ne, kada ka ja shi da ƙarfi ko ka lanƙwasa siririyar wayar nan, zaren gilashi ne, yana karyewa. Kada kuma ka zare ta ka leƙa bakinta, hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya lahanta shi. Ka kira masu aikin su matsar maka.

ZANGO BIYU

Duk wanda ya girma da sauraron rediyo ya san bambancin gajeren zango da na FM. Na farko yana zuwa nesa amma da hayaniya, na biyu tangaram yake amma ba ya nisa. Haka wayifai yake. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 yana ratsa bango, amma a hankali yake tafiya kuma cike yake da jama'a. Na 5 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, sai dai bango biyu ko uku sun isa su kashe shi.

In ka duba sunayen wayifai a wayarka ka ga naka biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, to wannan ne na gigahaz 5. Ba shi da dangantaka da 5G ɗin kamfanonin wayar salula da aka fara a Nijeriya a 2022, suna ne kawai ya zo ɗaya. Talabijin da kwamfuta da wayoyin da ke kusa da rauta a sa su a kan na 5, a bar na 2.4 ga ɗakunan nesa da tsofaffin na'urori. Mutane da dama wannan kaɗai suka yi gudun ya ninka.

Dalilin cunkoson zangon 2.4 shi ne hanyoyi uku kacal ke cikinsa waɗanda ba sa hawa kan juna, su ne ta 1 da ta 6 da ta 11. A gidan haya mai bene uku, inda kowane ɗaki da rautarsa ko ƙaramar na'urar aljihu, sai ka ga ashirin suna rububin hanyoyin nan uku, kamar 'yan dako da masu saye a kasuwar Mile 12 ran da motocin tumatir suka iso, kowa na ɗaga murya ba mai jin wani. Bluetooth ma a nan yake, haka na'urar ɗumama abinci ta maikirowef. Akwai manhajoji na kyauta masu nuna hanyar da maƙwabta suka fi cika. Ka shiga saitin rauta, adireshinta da kalmar shiga galibi suna rubuce a ƙarƙashinta, ka zaɓi wadda ta fi sarari cikin ukun nan.

TSOHUWAR NA'URA DA RUƁAƁƁEN KEBUL

Kowa ya san abin da tirela ɗaya ke yi a hanyar Apapa. Wayifai bi da bi yake magana da na'urori, in wata tsohuwar waya tana can lungu da raunin sigina, takan daɗe tana karɓar nata, sauran duk suna jira a bayanta. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa zangon 2.4 kawai suke kamawa, iyakar haɗinsu megabit 72 a takarda, abin da ke isa hannu kuwa bai cika wuce rabin haka da 'yan kai ba. Ko layin megabit 500 ka saya, irin wannan waya iyakarta ke nan.

Rautar ita ma tana tsufa. Ƙa'idar da ake kira Wi-Fi 4 ta fito a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 kuma a 2019. Mai layin megabit 100 zuwa sama ya nemi aƙalla Wi-Fi 5. In za ka saya a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba, kada yawan ƙahoni ya ruɗe ka, ka duba kwali ka tabbata ramukan kebul ɗinta na gigabit ne. Akwai rautoci masu kyan gani waɗanda ramukansu megabit 100 ne iyaka.

Ga wata alama da ta cancanci a riƙe. In ka biya megabit 200 ko fiye, amma duk awon da ka yi yana tsayawa a 90 da ɗoriya ba ya wucewa, to wani rami ne ko kebul ya shaƙe layin. Kebul ɗin nan yana da siraran wayoyi 8 a ciki, gudun gigabit yana bukatar dukkansu. In ɓera ya ci ɗaya, ko ƙofa ta datse ta, yana iya komawa 100 shiru ba sanarwa. Ka duba jikinsa, a ga an rubuta Cat5e ko Cat6. Sau da yawa canjin kebul na kuɗi kaɗan shi ne maganin abin da aka yi wata uku ana zagin kamfani a kai.

SU WA KE SHA A RIJIYARKA?

Mu mutane ne masu karamci, kuma zaman baƙunta ya ƙara mana zumunci. Ɗan uwa ya zo daga gida an ba shi kalmar sirri, ya ba abokinsa, abokin ya ba masu shayi da 'yan acaba na bakin layi. Wayoyin zamani ma suna iya raba kalmar da hoton lamba, ba sai an faɗa ba. Ka shiga saitin rauta ka ƙirga na'urorin da ke kai. In ka ga talatin alhali ku bakwai ne a gida, ka san inda gudunka ya tafi. Canja kalmar sirri, ka sa doguwa, tsaron kuma ya zama WPA2 ko WPA3. Tsohon tsari na WEP, ban da sauƙin fasawa, yana danne gudu zuwa megabit 54. In kana son yin alheri, yawancin rautoci suna da layin baƙi dabam wanda wasunsu ke bari a ƙayyade masa gudu. Alheri danƙo ne, amma ba a ce ka kwana da yunwa ba.

A cikin gida ma akwai masu sha a ɓoye. Kyamarar tsaro ta shago, da wayar da ke tura hotuna ma'ajiyar Google, da kwamfutar da ke sabunta kanta, duk suna iya cika hanyar fita, sai kiran bidiyo ya riƙa sarƙewa ko da hanyar shigowa a buɗe take.

GIDA MAI FAƊI

In gidan babba ne ko bene, rauta ɗaya ba za ta wadatar ba. Ƙaramar na'urar nan mai ƙara nisa da ake soka wa a soket tana taimakawa, amma irin mai arahar takan raba gudu biyu, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa. In za a sa ta, a sa ta rabin hanya inda sigina ke da ƙarfi, ba cikin ɗakin da ya mutu ba. Abin da ya fi shi ne a ja kebul zuwa ɗaya ɓangaren a kafa rauta ta biyu, ko a sayi rautoci masu aiki tare da suna guda. Talabijin da kwamfutar shago da ba sa motsi, a ba su kebul su bar wa wayoyi iska.

Batun wuta kuma sananne ne. Duk sa'ad da aka ɗauke aka koma janareta, akwatin yakan yi 'yan mintoci kafin ya farfaɗo, kuma yawan haka yana gajiyar da cajarsa. Ƙaramin batirin ajiya na rauta yana maganin wannan. Kashewa da kunnawa bayan rabin minti ba laifi, amma kada a soka tsinke a ramin da aka rubuta Reset, yana iya goge saitin kamfani ka zauna ba layi sam.

RAN DA LAIFIN NA KAMFANI NE

In ka ga jar fitila a wurin da aka rubuta LOS, haske ba ya isowa, wataƙila masu gyaran hanya ko masu haƙa kwata sun tsinke waya. Wani lokaci kuma abin daga teku ne. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka ji a jikinsu. A irin wannan rana ba abin da matsar da rauta zai yi.

In za ka kai ƙara, kada ka ce "ba ya sauri" kawai. Ka ba su awon kebul da rana da lokaci, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. In sun yi biris, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da layin kyauta na masu ƙorafi, 622, kuma za su tambaye ka lambar nan.

Kuɗin da baƙo ya samu a Kurmi da gumi ya same shi, akwai kuma masu jiransa a gida. Kafin ka ƙara kuɗin wata don a ƙara maka gudu, ka auna, ka fito da rauta fili, ka koma zangon 5, ka duba kebul, ka canja kalmar sirri. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan ko kwabo ba sa ci. Allah ya ba mu sa'a, ya sada mu da iyalanmu lafiya.