Haƙƙin Tsohon Kare a Kan Ubangidansa

Hausawa suna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma babu shakka maganar tana da gaskiya a fagen farauta, sai dai ba ta gaya mana abin da za a yi da karen bara ba, wato wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ratsa ƙaya a bayan ubangidansa, ko yana kwana a ƙofar gida yana haushi alhali masu gidan suna sharar barci, har furfura ta feso masa a baki. Abin da aka saba gani, a birni da ƙauye, shi ne da zarar ƙafarsa ta yi nauyi sai a samo kwikwiyo, shi kuwa tsohon a bar shi ya koma juji ko mahauta, yara na jifa, ƙudaje na cin kunnuwansa. Ni dai a ganina jahilci ya fi mugunta yawa cikin wannan al'ada, domin mutane da dama sun ɗauka duk abin da ya sami tsohon kare tsufa ne kawai, tsufa kuwa ba shi da magani, alhali mafi yawan abin da ke kwantar da shi ciwo ne wanda ake iya sauƙaƙawa.

Kada wani ya fake da addini a nan. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi a kan ta'abbudi. Shari'a ta yi izinin riƙon kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona, har ma ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare don tsaron gidansa, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da zaki ma zai ɗaure. Wanda ya mallaki dabba kuwa, ciyar da ita da shayar da ita wajibi ne a kansa, kuma fuƙaha'u ba su ce wajibin yana faɗuwa ranar da amfaninta ya ƙare ba. Kowane almajiri ya san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim na mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. To, wancan kare bai taɓa yi masa gadi ko dare ɗaya ba, ina ga wanda ya shekara goma yana yi?

Game da lokacin da tsufa ke kama kare, lissafin nan da ya yaɗu, wai shekararsa ɗaya daidai take da bakwai na ɗan Adam, ba shi da tushe. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun auna alamun tsufa cikin jinin karnuka irin Labrador, suka bayyana a 2020 cewa kare mai shekara ɗaya ya yi kusan mutum mai 30, mai huɗu ya haura 50, daga nan sai tafiyar ta yi sanyi, har mai shekara 12 ya zo daidai da dattijo mai 70. Abin mamaki kuma, manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa. Wani ƙiyasi da Kwalejin Likitan Dabbobi ta Sarauta a Landan ta fitar a 2022 ya nuna karnukan can ƙasar suna rayuwa shekara 11 da 'yan watanni a matsakaici. Saboda haka karen da ya cika shekara bakwai ko takwas, a fara kallonsa da idon da ake kallon dattijo.

Ɗaya daga cikin manyan illolin da ke addabar tsohon kare ita ce ciwon gaɓoɓi. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi a kwatangwalo da gwiwa yakan zaizaye sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gaɓar ta kumbura, naman cinya ya motse saboda rashin aiki. Wahalar sha'anin ita ce kare ba ya kuka da irin wannan ciwo, ɓoye shi yake yi, sai mai lura ne zai ga yana jinkirin tashi da safe, yana tsayawa yana nazari kafin ya tsallake dokin ƙofa, yana lasar gaɓa ɗaya ba ji ba gani, ko kuwa, shi da yake da haƙuri da yara, ya fara gurnani idan an taɓa bayansa. Mai gida sai ya ce karen ya zama rago ko ya sake hali, alhali azaba yake sha. A lokacin hunturu abin yakan tsananta, shi ya sa za ka tarar da shi ya shige toka a bakin murhu. Buhu biyu ko tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa sun ishe shi. Tafiya kaɗan kullum, da safe ko da la'asar, ta fi masa amfani a kan kwanciya, amma a sallame shi daga farauta, kada ɗokinsa ya ruɗi mafarauci, gama zai bi ayari ko da zai dawo da rarrafe. Ƙiba kuwa, ga karnukan gidajen masu hali, ita ce abokiyar gabar gaɓoɓi: a wani gwaji da kamfanin Purina ya yi a Amurka da karnuka 48, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su.

A nan ne tausayi marar ilmi yake kisa. Mutum ya ga karensa yana ɗingishi, sai ya aika kemis a sayo ibufurofen ko diklofenak ya cusa masa cikin nama, bai sani ba waɗannan suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol ma idan ya yi yawa yana cin hanta. Akwai magungunan ciwo da aka yi musamman domin karnuka, likitan dabbobi ne zai auna nauyi ya rubuta.

Haƙora ma suna gajiya. Idan baki ya yi wari, dasashi na jini, kare ya je ga akushi ya sunsuna ya koma, ba ƙoshi ba ne. A bar ba shi ƙanzo da ƙashi, a jiƙa masa abinci da romo marar gishiri, a raba masa sau biyu ko uku. A kiyaye ragowar miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Yawan shan ruwa tare da yawan fitsari da rama alama ce ta ciwon ƙoda ko na suga, a tsohuwar karya kuma yana iya zama ruɓar mahaifa, wadda ke kisa cikin kwanaki idan ba a yi aiki ba. Kada a rage masa ruwa wai don ya daina ɓata tsakar gida, balle da bazara, tun da kare ba ya yin gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi.

Sai kuma gani da ji da hankali. Shuɗin hazo da ke bayyana a idon tsohon kare galibi ba ya makantarwa, yanar ido fara sol ita ce ke rufe gani. Amma makahon kare yakan ci gaba da zagaya gidan da ya sani da hanci, muddin ba a yi ta sauya wa kaya wuri ba. Wanda ya kurumce, a gargaɗi yara kada su faɗa masa yana barci, don firgita na sa cizo. Akwai kuma gigin tsufa, inda za ka ga kare yana yawo da dare, yana haushin bango, yana manta ƙofa, kuma sau da yawa a kan wannan ake yi masa taron dangi da sanduna da sunan ya haukace. Bambancin kuwa a fili yake: gigin tsufa wata da watanni yake yi yana lallaɓowa, haukan kare kuwa farat ɗaya yake sauya hali, ya zo da dalalar yawu da shanyewar muƙamuƙi, ya kashe cikin kwana goma. Duk da haka ba a wasa da cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a nufi asibiti. Allurar rigakafin haukan, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom take yi a ƙasar nan, tsufa ba ya ɗauke wa kare bukatarta.

Daga ƙarshe akwai ranar da magani zai kasa. Likitoci suna auna ta da tambayoyi masu sauƙi: yana ci? yana sha? yana iya tashi ya yi bahaya nesa da makwancinsa? ciwon yana lafawa? ranakun daɗinsa sun fi na wuya yawa? Idan amsa ta zama a'a, malaman mazhabobi sun yi saɓani a kan hutar da dabba, amma a Muhtasar na Shehu Halil an halatta gaggauta mutuwar dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, masu sharhi kuma suka ce dalilin hukuncin shi ne hutar da ita. A yau ana yin haka da allurar barci mai ƙarfi wadda ke tsayar da numfashi da zuciya cikin 'yan mintoci ba tare da kare ya ji kome ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya yi jinya har ajali ya zo, ba laifi. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne zuba masa shinkafar ɓera, ko kai shi daji a yar, ko ɗaure shi a rana ba ruwa. Mai karatu, in kana da irin wannan kare, kai shi asibitin dabbobi mafi kusa a duba shi sau biyu a shekara, in kuma ya mutu, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi.