ECOWAS: Ƙungiyar da aka kafa domin fatake

Tun kafin Turawa su ja layi a kan taswira, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da jakunansu, su ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gonja, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro. Mulkin mallaka ne ya datse wannan hanya gunduwa-gunduwa: nan Ingila, can Faransa, kowa da kuɗinsa da kwastan ɗinsa. Da aka sami 'yancin kai a wajajen 1960, sai aka wayi gari maƙwabta sun fi yin ciniki da Landan da Paris a kan yadda suke yi da juna.

Wannan ne ciwon da ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, ta zo yi wa magani.

Nijeriya tana da nata dalili na musamman. A lokacin yaƙin basasa, Kwaddibuwa ta amince da Biyafara, Faransa kuma ta mara mata baya. Da yaƙi ya ƙare a 1970, Janar Yakubu Gowon ya gane cewa ƙasa komai girmanta ba ta barci da ido biyu in ba ta jitu da maƙwabta ba. A 1972 shi da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo suka fito da shawarar haɗa yankin a inuwa guda, Farfesa Adebayo Adedeji, kwamishinan raya tattalin arziki na lokacin, ya yi ta zirga-zirgar shawo kan gwamnatoci. Ranar 28 ga Mayu 1975 ƙasashe 15 suka sa hannu a yarjejeniyar Legas. Wata biyu bayan haka aka kifar da Gowon yana taro a Kampala, amma ƙungiyar ta ɗore.

Manufarta ta kasuwa ce tsagwaronta: a janye haraji a kan kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin, a daidaita kuɗin kwastan a kan kayan waje, mutane su yi zirga-zirga ba takura, daga baya a yi kuɗi guda. Abin da ya fi taɓa talaka shi ne yarjejeniyar 1979, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga amfanin wannan da idonsa: shanu da raƙuma daga ƙasar Damagaram, dillalai na ciniki da naira da sefa a lokaci guda, motoci na lodi zuwa kudu. Haka albasar Galmi take isa Accra da Abidjan.

Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da direba ke gani a hanya daban. Tsakanin Legas da Abidjan shingaye ba su ƙirguwa, kowanne da na goronsa. Nijeriya da kanta, uwa a ƙungiyar, ta kori baƙi masu yawan gaske a 1983, akasarinsu 'yan Ghana, ta kuma rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco an yi ta ɗage ranar fitowarsa, har yau ba a kashe ko kwabonsa ba.

Yaƙin Laberiya ne ya sauya wa ƙungiyar fuska. A 1990 ta tura rundunar ECOMOG, daga baya ta shiga Saliyo, a 1993 kuma aka sabunta yarjejeniyar a Kwatano aka shigar da batun tsaro. A 2017 matsin lambarta ne ya sa Yahya Jammeh ya bar mulki a Gambiya. An ceci rayuka, ba shakka, amma sannu a hankali maganar kasuwa ta koma baya.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya nuna illar hakan. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba ya rufe iyakokin Jibiya da Illela, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa. Sojojin da ake son hukuntawa ba su ji a jikinsu kamar yadda mai tireda a Maraɗi da ɗan dako a Konni suka ji ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a hukumance, suka riƙe ƙawancensu na ƙasashen Sahel, AES.

Yanzu ƙasashe 12 suka rage. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku da barin kayansu su wuce, har sai an cimma sabuwar matsaya. Wannan ƙofa ce ya kamata shugabannin ɓangarorin biyu su bari a buɗe, don mutanen Katsina da Maraɗi dangin juna ne kuma abokan cinikin juna.