Ranar 17 ga Disamba a Idon Daura

Tattara haihuwa da rasuwa da manyan al'amura a ƙarƙashin kwanan wata guda, wato abin da gidajen rediyo da jaridu suka saba kira rana mai kamar ta yau, hanya ce ta kallon tarihi da ke haɗa mutanen da ba su taɓa sanin juna ba, da ƙasashen da babu abin da ya gama su sai lambar da ke jikin kalanda. A ƙasar Daura, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango a Jihar Katsina, babu kwanan watan Miladiyya da ya yi suna kamar 17 ga Disamba, domin ita ce ranar da takardun hukuma suka nuna an haifi Muhammadu Buhari a shekarar 1942. Sai dai kafin a bi sawun abubuwan da suka faɗo a wannan rana, ya kamata a san cewa shi kansa wannan salon ƙirga baƙo ne a Daura, kuma garin ya daɗe yana adana tarihinsa ta wasu hanyoyi tun kafin kalandar Turawa ta rataya a bangon ofishin En'e.

Labarin kafuwar sarautar maza a Daura ya isa misali. Masu ba da shi sun riƙe sunan Bayajidda da na Magajiya Daurama, sun riƙe rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa, har ma sun riƙe cewa ranar Juma'a kaɗai ake samun damar zura guga, amma babu wanda ya riƙe shekara ko wata. Girgam, wato kundin jerin sarakunan Daura, shi ma ya fi damuwa da wa ya gaji wa, da kuma ɗan wane ne, a kan kwanan watan da aka naɗa rawani. Talaka kuwa yakan auna shekarunsa da zamanin sarki, ko da wata annoba ko fari, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ya ce an haife shi da kaka biyu bayanta. Abin da Bahaushe ya fi kiyayewa game da haihuwa shi ne ranar mako, saboda da ita ake ƙirga kwana bakwai na zanen suna, kuma ita ce takan zama laƙabin da zai bi mutum har kabari: Ɗanladi da Ladi ga haihuwar Lahadi, Bala da Balaraba ga Laraba, Ɗanlami da Lami ga Alhamis, Ɗanjuma da Jummai ga Juma'a. Malamai ne kawai suke rubuta kwanan wata, su ma da lissafin Hijira, kamar yadda aka adana haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙarshen watan Safar na 1168, wanda masana suka daidaita da 15 ga Disamba, 1754.

Idan aka mayar da 17 ga Disamba, 1942 zuwa wannan lissafi na gida, sai ta faɗo ranar Alhamis, wajen 8 ga watan Zulhajji na shekarar 1361, da ɗan bambancin kwana ɗaya ko biyu da ganin wata kan kawo. Ma'ana, ana sauran 'yan kwanaki Babbar Sallah ne, cikin sanyin hunturu, an gama yankan gero da dawa an kai rumbu, ana cinikin raguna, fada kuma tana shirin hawa. Sarkin Daura na lokacin shi ne Abdurrahman ɗan Musa, wanda ya hau gadon a 1911 ya kuma riƙe shi har 1966, shekara 55 cur. Mahaifinsa Malam Musa ne Turawa suka ɗauko daga Zango a farkon mulkinsu suka mayar wa gidan Haɓe sarautar da ta kuɓuce musu tun zamanin jihadi. Wannan bayani yana da nasaba da jaririn da ake magana a kansa, domin bayan rasuwar mahaifinsa Harɗo Adamu, yana ɗan shekara huɗu ko kusa da haka, Waziri Alhasan, ɗan Sarki Musa, shi ne ya ɗauki nauyin mahaifiyarsa Zulaihatu da 'ya'yanta. Daga nan ne hanya ta kai shi makarantar elementare a Daura da Mai'aduwa, sai Midil ta Katsina, sai aikin soja, har ya zama shugaban mulkin soja daga 31 ga Disamba, 1983 zuwa 27 ga Agusta, 1985, sannan zaɓaɓɓen shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2023 bayan ya sha kaye sau uku. Shi da kansa, a watan Disamba na 2017, ya gaya wa baƙin da suka je masa gaisuwar Kirsimeti cewa shi a zatonsa shekararsa 74, sai aka ce masa 75 ce. Jaridun kudu sun yi ta cece-kuce a kan wannan furuci, amma duk wanda ya taɓa raka dattijo kotu yin takardar rantsuwar shekaru, ya ga yadda ake laluben shekarar haihuwa da tambayar wane sarki ne a kan gado, a ƙarshe a rubuta masa 1 ga Janairu, ba zai ga abin mamaki a ciki ba.

A daidai wannan Alhamis ɗin ta 1942, duniya tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa suka fi sani da yaƙin Hitila. A majalisar dokokin Ingila, sakataren harkokin waje Anthony Eden ya karanta sanarwar haɗin gwiwa ta gwamnatocin ƙawance da ke tabbatar da cewa Jamus tana yi wa Yahudawan Turai kisan ƙare-dangi, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suka yi shiru. Yaƙin bai bar ƙasar Daura ba, ko da yake ba a harba bindiga a cikinta ba, saboda tun daga 1940 Nijar, wadda iyakarta ke nan kusa ta wajen Kwangwalam, tana hannun gwamnatin Vichy, wato Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus, kuma sai a ƙarshen Nuwamban 1942 ne mahukuntan Faransa na Afirka ta Yamma suka koma ɓangaren ƙawance. Dangi ɗaya da ke zaune tsakanin Daura da Damagaram sun shafe fiye da shekara biyu a ƙarƙashin tutoci biyu masu zaman doya da manja, yayin da ake ɗibar samarin Arewa aikin soja, waɗanda da yawansu daga baya suka ƙare a dazukan Bama.

Shekara 39 kafin wannan, ranar 17 ga Disamba, 1903, ita ma Alhamis, wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna, Orville da Wilbur Wright, suka tayar da jirgin sama mai inji a kusa da Kitty Hawk da ke Amurka. Tashin farko bai wuce daƙiƙa 12 ba, nisansa kuma kimanin mita 37, wanda bai kai rabin filin ƙwallo ba. Na huɗu a wannan rana ya ɗauki daƙiƙa 59. Ga mutanen ƙasar Hausa, shekarar 1903 tana da wata ma'ana dabam, domin a cikinta ne Kano ta faɗa hannun Turawa a farkon Fabrairu, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli. Shekara 22 kacal bayan haka, a 1925, jiragen sojan saman Ingila suka sauka a Kano, kuma a hankali wannan na'ura ta rage tafiyar Hajji, wadda a da mutum kan yi shekaru yana yi a ƙasa ta Borno da Sudan har iyalinsa su fid da rai, ta koma ta 'yan sa'o'i.

Akwai wasu sunaye da ke cikin jerin ranar waɗanda ambato ya wadatar a kansu: Simon Boliba, jagoran 'yancin ƙasashen Kudancin Amurka, ya rasu a 1830, Sarki Liyofol na Biyu na Beljiyam, wanda mulkinsa ya jawo wa Kwango mummunan asarar rayuka, ya mutu a 1909, shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong Il ya mutu a 2011. Wanda ya fi jan hankalin mai karatu a ƙasar da ɗarikun sufaye suka kafu shi ne Jalaluddin Rumi, malami kuma mawaƙin sufanci da ya rasu a birnin Konya na Turkiyya ta yau a 1273, inda har gobe mabiyansa ke taruwa duk shekara a wannan rana da suke kira daren angwanci, bisa fahimtarsu cewa mutuwa saduwa ce da Ubangiji. To amma a nan ma akwai lauje cikin naɗi, domin waɗanda suka shaida rasuwarsa sun rubuta 5 ga Jimada Sani na 672, kuma 17 ga Disambar da aka daidaita ta da ita ta tsohuwar kalandar Juliyas ce, wadda Paparoma Giregori na 13 ya gyara a 1582 ta hanyar tsallake kwana goma. Saboda haka Disambar Rumi da Disambar Buhari sun yi tarayya a suna, amma ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba. Wanda ya yi tarayya da Buhari a ma'auni ɗaya shi ne Paparoma Faransis, da aka haifa a Buenos Aires ta Ajantina ranar Alhamis 17 ga Disamba, 1936, kuma su biyun suka bar duniya a shekara guda, Paparoman ranar 21 ga Afrilu, 2025, Buhari kuma ranar 13 ga Yuli.

Yawancin irin wannan haɗuwa dace ne kawai, kuma kuskure ne a nemi wani ɓoyayyen sirri a cikinsa, tunda kwanakin shekara 365 ne, abubuwan da suka faru a duniya kuwa ba su ƙirguwa. Amma akwai ranaku biyu a jerin da zare na gaske ya ratsa tsakaninsu. Ranar Juma'a 17 ga Disamba, 2010, wani matashi mai tallan kayan marmari a amalanke, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Buzid na Tunusiya bayan jami'an hukuma sun ƙwace masa kaya. Ya rasu ranar 4 ga Janairu, 2011, kwana goma bayan haka shugaba Zainul Abidina Ben Ali ya tsere daga ƙasar, boren ya tsallaka Masar da Libiya, aka kashe Mu'ammar Gaddafi ranar 20 ga Oktoban wannan shekara, rumbunan makamansa kuma suka zama na kowa. Masu nazarin tsaro da dama suna lissafa kwararar waɗannan makamai ta hamada cikin abubuwan da suka ƙara wa rikicin yankin Sahel wuta, tare da tsofaffin matsalolin gida irin su rigimar manoma da makiyaya, da satar shanu, da rashin adalcin wasu masu riƙe da shari'a, waɗanda su ne asalin cutar a Zamfara da yammacin Katsina.

Shekara goma bayan wutar Sidi Buzid, wannan cuta ta nuna kanta a gaban idon duniya. A daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, ranar da Shugaba Buhari ya iso Daura hutun mako guda, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, a masarautar Katsina, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji da ƙafa. Iyaye suka tare a harabar makarantar suna kwana suna tashi, ƙungiyar Abubakar Shekau ta yi iƙirarin cewa aikinta ne, hukumomin jihar kuma suka ce 'yan fashin daji ne. Da yammacin Alhamis 17 ga Disamba, ranar da Buhari ya cika shekara 78, Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa an karɓo yara 344 ta ɓangaren Jihar Zamfara. Washegari aka shigo da su Katsina, yawancinsu ba takalmi, jikinsu ya yi futu-futu da ƙura, wasu sun lulluɓa da barguna saboda sanyi, shugaban ƙasa ya zo ya gana da su ya yi musu magana da Hausa. Magoya bayansa sun ɗauki abin a matsayin kyautar zagayowar haihuwa, masu suka kuma suka tambayi dalilin da ya sa bai taka zuwa Ƙanƙara ba cikin kwana shida alhali yana cikin jihar. Tambayar tana da nauyi, musamman ganin cewa cikin 'yan watanni aka maimaita irin wannan ɗauka a Kagara da Jangebe da Afaka da Birnin Yawuri.

Buhari ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, ya koma gidansa na Daura, ya kuma rasu a wani asibiti a Landan ranar Lahadi 13 ga Yuli, 2025. Ranar Talata 15 ga wata jirgi ya sauke gawarsa a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, inda Shugaba Bola Tinubu ya tarbe ta, aka ɗauko ta a mota zuwa Daura, aka yi mata sallah, aka binne shi a cikin gidansa, a zamanin Sarki Umar Faruk Umar, na uku cikin sarakunan Daura da ya yi zamani da su bayan Abdurrahman da Muhammadu Bashar. Jaridu sun rubuta cewa ya rasu yana da shekara 82. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma rasuwar ta faɗo a tsakiyar Muharram na 1447, malamin zaure da zai ƙirga daga Zulhajjin 1361 zai ce shekararsa 85 da wata ɗaya da 'yan kwanaki.